HADARIN GABAS DA BIRNIN DABO: TARIHIN ZAMAN KANAWA DA RUWAN SAMA

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san yadda ranar hadari take. Tun da hantsi gari zai ɗau zafi mai gumi, ko ganye ba ya motsi, har mutum ya rasa inda zai sa ransa. Can bayan la'asar sai gabas ta fara haɗewa, ta yi baƙi ƙirin ta wajen Ƙofar Mata da Fagge. 'Yan kasuwar Kurmi su shiga tattara kaya, mata su kwashe shanya, a kora awaki turke, a jera bokitai da tukwane a ƙarƙashin indararo. Kafin ɗigo ɗaya ya sauka sai wata iska mai sanyi ta taso da jar ƙura, ta bubbuga ƙyamare, ta yaye duk kwanon da ba a danne ba, sa'annan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Bayan sa'a guda ko biyu ƙarfinsa ya ragu, ya koma yayyafi, ana hango walƙiyarsa can yamma ta bayan Gwauron Dutse.

Haka kakanninmu suka gan shi, haka mu ma muke ganinsa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar inda wannan baƙo yake fitowa da inda yake nufa idan ya bar mu. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawunsa, ta nuna dangantakarsa da mahaukaciyar guguwar nan da muke jin labarin ɓarnarta a Amurka, sa'annan ta waiwayi yadda mutanen da suka gina wannan birni suka zauna da shi shekaru aru-aru, da kuma abin da muka yi da gadon da suka bar mana.

Daga Ina Hadari Yake Tasowa?

Iskoki biyu ne suke rabon shekara a ƙasar Hausa. Ta farko busasshiya ce, tana fitowa daga hamadar Sahara ta arewa maso gabas, ita ce mai kawo mana hunturu da hazo. Ta biyu kuwa tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Magamar waɗannan iskoki ba ta zama wuri ɗaya, rana take bi. A watan Janairu tana can kusa da gaɓar teku, wajen Afrilu zuwa Mayu ta ƙetare Kano ta yi arewa, a Agusta ta kai har bayan Agadas, sa'annan a Oktoba ta sake bi ta kanmu ta koma kudu. Abin da ke tsakanin wucewarta da dawowarta shi ne daminarmu. A lissafin shekaru masu yawa, Kano tana samun ruwa kimanin milimita 800 zuwa 900 a shekara, kusan dukkansa a cikin wata biyar, kuma Agusta ne ya fi kowane wata ruwa, wato lokacin marka. Manoma da malamanmu sun daɗe da nasu ma'aunin, suna ƙirga damina da taurari irin su Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha, kowanne da 'yan kwanakinsa da irin ruwan da ake sa ran samu a cikinsa.

To, a nan mai karatu yana iya tambaya: tun da daga kudu maso yamma laima take zuwa, me ya sa hadari yake ɓullowa daga gabas? Amsar tana can sama. Iskar tekun nan mai laima a ƙasa-ƙasa take tafiya. A samanta, kimanin kilomita 3 zuwa 4 daga doron ƙasa, akwai wani kogin iska mai ƙarfi da yake kwarara daga gabas zuwa yamma a duk tsawon damina. Abin da yake haifar da shi shi ne bambancin zafi tsakanin Sahara mai ƙuna da ƙasashen kudu masu danshi. Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai laima takan yi sama, ta huce, tururin da ke cikinta ya zama gajimare mai tsawon da yakan haura kilomita 15. Da gajimaren ya kai wannan kogi, sai kogin ya ɗauke shi ya yi yamma da shi. Sau da yawa irin wannan haɗuwa takan fara ne a kan tuddai, kamar duwatsun Darfur a Sudan, da na Azbin a Nijar, da tsaunukan Jos.

Ita kuwa iskar nan mai sanyi da take riga ruwa isowa, daga cikin hadarin kansa take fitowa. Ruwan da yake zubowa daga gajimare yakan ratsa busasshiyar iska, wani ɓangarensa ya koma tururi, iskar ta yi sanyi ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa da ƙarfi ta bazu a gaban hadarin tana share ƙura. Tana tafe tana cusa kai ƙarƙashin iska mai ɗumi da ke gabanta tana ɗaga ta sama, sai sabon gajimare ya haɗu. Ta haka hadari yake sabunta kansa yana tafiya, a sahu guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita daga arewa zuwa kudu, da gudun kimanin kilomita 50 zuwa 60 a sa'a. Wanda ya jiƙa Haɗeja da la'asar yana iya isowa Kano da magariba, ya kwana yana tafiya, asuba ta yi masa a ƙasar Sakkwato. Tun a 1945 masana yanayi biyu, Hamilton da Archbold, suka bayyana wannan sahun hadari a nazarin da suka wallafa kan yanayin Nijeriya, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa mafi yawan ruwan da yankin Sahel yake samu irin wannan hadari ne yake kawo shi. Ashe abincinmu da ambaliyarmu daga tukunya ɗaya suke fitowa.

Daga Kano Zuwa Tekun Atlantika

Kogin iskar nan ba a miƙe sak yake tafiya ba. Yana lanƙwasa yana kaɗawa kamar igiyar da aka girgiza, kuma kowane kwana 3 zuwa 5 sai lanƙwasa guda ta wuce ta kanmu, ɗauke da tarin gizagizai. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa a tsakiyar damina ake yin ruwa, a huta kwana biyu ko uku, a sake yi. Kimanin irin waɗannan igiyoyi 60 ne suke ratsa Afirka ta Yamma a shekara. Daga Kano zuwa Dakar tafiyar kusan kilomita 2,800 ce, kuma igiya takan ci wannan tazara a cikin kwana 4 ko 5, ta bi ta kan Yamai da Bamako ta faɗa teku.

Yawancinsu a can suke mutuwa, musamman idan suka gamu da busasshiyar iskar Sahara mai ƙura. Amma idan igiya ta tarar da ruwan teku ya ɗumama ya kai maki 26 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas, kuma iskokin sama ba su yayyaga ta ba, sai labari ya sauya. Tururi ya riƙa tashi daga teku, yana zama gajimare yana sakin zafi, zafin yana ƙara jawo iska daga kowane gefe. Juyawar da duniya take yi ta sa iskar da ke kwararowa ta karkace, ta shiga zagaye saɓanin tafiyar hannun agogo. Idan gudunta ya kai kilomita 119 a sa'a ta zama mahaukaciyar guguwa, wadda ake kira hariken a Tekun Atlantika, taifun a gabashin Asiya, saiklon a Tekun Indiya. A tsakiyarta akwai wani fili shiru da ake kira ido, a kewayensa kuma iska da ruwa mafi tsanani. Iskar gabas ce take tura ta har tsibiran Karibiyan da gaɓar Amurka, inda takan tunkuɗo ruwan teku cikin garuruwa.

Masana sun ƙiyasta cewa fiye da rabin guguwowin Tekun Atlantika, da kimanin kashi 85 cikin 100 na mafiya ƙarfinsu, daga waɗannan igiyoyi na Afirka suke samo asali. Guguwar Hugo da ta afka wa birnin Charleston a Satumba 1989, da Andrew da ta ragargaza kudancin Florida ranar 24 ga Agusta 1992, da Irma ta 2017, duk daga gaɓarmu suka tashi. A 2015 kuwa guguwar Fred ba ta ma yi nisa ba, a kan tsibiran Kef Bade ta sauke fushinta. A 1990 wani masani Ba'amurke, William Gray, ya nuna cewa a shekarun da Sahel ta sami damina mai albarka an fi samun manyan guguwowi a gaɓar Amurka, a shekarun farin 1970 zuwa 1987 kuma suka ragu ainun.

Ita Kano wannan guguwa ba ta zuwa mata, domin ruwan teku mai ɗumi shi ne abincinta, da ta hau tudu sai ta fara mutuwa, mu kuwa ɗaruruwan kilomita ne tsakaninmu da teku. Abin da yake ziyartarmu shi ne mafarinta, kuma tarihi ya nuna cewa mafarin ma ba abin rainawa ba ne.

Birnin Da Aka Gina Da Sanin Ruwa

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa tun zamanin Barbushe rayuwar mutanen Dala a jingine take da wani kurmi mai duhu da ruwa a gindin dutsen, wato Jakara, wanda ake kira Kurmin Baƙin Ruwa. Nan ne kwarin birni. Duk ruwan da ya gangaro daga Dala da Gwauron Dutse da unguwannin tudu nan yake taruwa, ya ratsa gari, ya fita ta gabas maso arewa ya nufi Wasai a ƙasar Minjibir. Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara ganuwa, ɗansa Yusa, wanda ake kira Tsaraki, ya kammala ta, Muhammadu Rumfa (1463–1499) da Muhammadu Nazaki (1618–1623) suka faɗaɗa ta. Duk da wannan bunƙasa ba wanda ya toshe wa Jakara hanya. Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi a gefenta, nasa gidan kuma ya gina shi a kan tudu ta kudu. Har yau sunayen wurare irin su Jakara da Bakin Ruwa da Kwarin Mabuga da Kwarin Gogau suna tuna mana inda ruwa yake bi.

Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya shigo Kano a watan Janairu 1824, ya rubuta cewa wata babbar fadama ta kusa raba birnin gida biyu, ga kuma kududdufai birjik a wuraren da aka haƙi ƙasar gini. Ya kuma lura cewa gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, shi ma ya tarar da Jakara da filayen noma a cikin birni. Baƙin sun yi kukan wari da zazzaɓi, kuma sun yi gaskiya, domin kududdufi matattarar sauro ce, ya kuma ci rayukan yara masu wanka ba sau ɗaya ba. Amma akwai aikin da yake yi wanda mai zuwa da rani ba zai gani ba. Kowace unguwa daga ƙasarta aka gina ta, ramin da aka bari kuma shi yake karɓar ruwan da ya zubo daga sorayenta. Idan hadari ya sauke kayansa a cikin sa'a guda, kududdufai su shanye, gonaki su tsotse, rarar ta gangara Jakara a hankali. Ruwan da ya kwanta kuma ya riƙa tsatsafowa cikin rijiyoyi har rani, a shayar da dabbobi, a kwaɓa ƙasa, a yi lambu.

Gidan kansa da sanin hadari aka tsara shi. Magina sukan aza tubali a kan gindi mai kauri, bango ya riƙa sirancewa yana hawa. A rufa da azarar giginya wadda gara ba ta cinta da sauƙi, a yi wa rufin ɗan gangare zuwa bakin indararo, shi kuma indararo a miƙo shi waje sosai don kada ruwa ya zuba a gindin bango. A kewaye rufin da rawani, a ɗora zankwaye a kusurwoyi. Sai kuma maganin ruwa: makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin da aka kwaso daga karofi da gashin jima da dafara. Dubi yadda sana'a take ciyar da sana'a: abin da marina da majema suka zubar, shi magina suke tsare rufi da shi.

Amma duk wannan hikima a kan sharaɗi guda take tsaye, wato gyara a kowace shekara. Ginin ƙasa ba ya yafe sakaci. Da bazara ta kama, kowane maigida zai hau soro ya duba tsaga, ya yi yaɓe, ya share indararo, musamman bangon gabas wanda shi ne yake shan dukan ruwa da iska. Ganuwa ma haka. Bayan damina akan raba ta kashi-kashi, a yi gayya daga birni da ƙauyuka, kowane jagora da jama'arsa da ɓangaren da zai ɗaga. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila suka ci Kano, daga nan ganuwa ta daina zama garkuwar yaƙi, gayyarta ta mutu. Abin da igwa ba ta rusa ba, damina fiye da 120 da hannun masu ɗibar ƙasa da masu yanka filaye sun kusa gamawa da shi, duk da cewa tun 2007 ganuwar tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa hukumar UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya.

Shekarun Da Ba A Manta Ba

Tsofaffinmu sun fi tsoron hadarin da ya ƙi zuwa a kan wanda ya zo da ƙarfi. A 1913 damina ta gaza, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta kai 1914 tana cin rayuka a ƙasar Kano da maƙwabtanta. Shekara 40 bayan haka aka ga ɗaya fuskar. A 1953 ruwa ne ya yi yawa, ya kwanta a gonaki ya lalata hatsi a sassa da dama na ƙasar Hausa, aka faɗa yunwar da ake tunawa da ita da sunan Muɗa. Wato rashinsa yunwa, yawansa ma yunwa.

Ranar 24 ga Yuni 1956 hadarin Kano ya shiga tarihin sufurin sama na duniya. Wani jirgin fasinja na kamfanin BOAC, wanda ya taso daga Legas za shi Landan, ya tashi daga filin jirgin saman Kano da yamma daidai lokacin da hadari yake gabatowa. Bai yi nisa ba sai ya fara rasa tsawo, ya bugi itace ya faɗi ya kama da wuta. Mutum 32 daga cikin 45 da ke ciki suka rasu. Sai bayan kimanin shekara 20 masanin nan Ted Fujita na Jami'ar Shikago ya fayyace irin wannan iska mai faɗowa daga gajimare ta daki ƙasa ta fantsama, kuma hatsarin Kano yana cikin misalan da ake kafa hujja da su. Iskar da take yaye mana kwano ita ce dai ta kayar da wannan jirgi, kuma saninta ya sa a yau ake horar da matuƙa su guje mata.

Daga nan sai shekarun fari. Daga 1972 zuwa 1974, da kuma 1983 zuwa 1984, gabas ta riƙa haɗewa tana washewa, aka yi ta fita roƙon ruwa, dabbobi suka mutu, mutanen karkara da na Nijar suka kwararo birni neman abinci. A wannan zamani ne aka kammala madatsar Tiga a 1974. A wannan zamani ne kuma wani abu ya faru a hankali wanda ba a lura da haɗarinsa ba: kududdufai suka ƙafe, kwaruruka suka bushe shekara da shekaru, jama'a ta ƙaru, sai aka fara ganin hanyar ruwa a matsayin fili. Aka cike da shara, aka aza gini.

A watan Agusta 1988 mai hanya ya dawo neman hanyarsa. Aka yi kwanaki ana tafka ruwa, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa a birni da kewaye, madatsar Bagauda da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako ta ɓalle, aka yi asarar rayuka, dubban iyalai suka rasa matsuguni. A farkon wannan wata ne ruwa irin wanda ba a saba gani ba ya mamaye Khartum, babban birnin Sudan. A farkon Satumba kuma wata igiyar iska ta bar gaɓar Afirka ta Yamma, ta zama guguwar Gilbert, wadda ta ratsa tsibirin Jamaika ranar 12 ga watan. Damina ɗaya, musiba uku, a kan hanya ɗaya daga gabas zuwa yamma. A ƙarshen Agusta 2001 ambaliya ta sake cinye garuruwa da gonaki a bakin kogunan Kano da Challawa da Haɗeja. Ta 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Nijeriya, sa'annan ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri.

Abin Da Ya Sauya

Abubuwa biyu ne suka sauya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Na sama shi ne hadarin kansa ya ƙara ƙarfi. A 2017 wata tawagar masana ƙarƙashin Christopher Taylor ta wallafa a mujallar Nature sakamakon nazarin hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, inda suka gano cewa yawan hadari mafi tsanani a Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982. Sun danganta haka da ƙaruwar zafin Sahara, wanda yake ƙara bambancin da ke tsakaninta da kudu. Ma'anar wannan ita ce ruwa mai yawa yana sauka a cikin ɗan lokaci.

Na ƙasa kuwa aikin hannunmu ne. Bari mu yi ɗan lissafi. Milimita 1 ta ruwan sama daidai take da lita 1 a kan kowace murabba'in mita. Idan aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, gida mai murabba'in mita 200 zai karɓi lita 10,000, wato duro 50. A da, tsakar gida ƙasa ce, lungu ƙasa ne, ga kududdufi a bayan gida. Yau rufi kwano ne, tsakar gida siminti, lungu ma an shafe shi da siminti, kududdufin kuma ya zama shaguna. Duro hamsin ɗin nan gaba ɗaya waje za su fito cikin 'yan mintoci, su haɗu da na maƙwabta dubu, su tarar da kwata cike da leda da robar ruwa. Daga nan sai su nemi gidan da ya fi kowanne kwari, wanda galibi na mai ƙaramin ƙarfi ne. Bugu da ƙari, da yawa daga gidajen ƙasa an lulluɓe su da siminti an daina duba su. Laima ta shiga ta tsaga ta kasa fita, bango ya ruɓe daga ciki, sai dare ɗaya ya zube a kan masu barci. Hausawa sun ce hadarin ƙasa maganin mai kabido. Wanda ya shirya wa ruwan sama da rufin kwano, ga shi ruwa yana shigo masa ta ƙarƙashin ƙofa.

Kammalawa

Ba mai cewa a koma zamanin sauro da ruwan kwance. Abin da tarihin nan yake koya mana shi ne magabatanmu sun ba ruwa haƙƙinsa ta hanya uku: sun bar masa wurin kwanciya, sun bar masa hanyar wucewa, sun kuma ware lokacin gyara kafin ya iso. Duk ukun suna iya dawowa da sabuwar siffa. Kududdufan da suka rage a san adadinsu, a tsare su daga masu cikewa, a kewaye su saboda yara, a tsabtace su. Hanyoyin da suke kai ruwa Jakara a hana gini a kansu ko na wane ne. Gayyar da kakanninmu suke yi wa ganuwa a mayar da ita kan magudanu, kowace unguwa da ranarta a watan Afrilu ko Mayu, tare da masu unguwanni da matasa, a kuma kwashe abin da aka yaso kafin ruwan farko ya mayar da shi. A zagaya gidajen gwauraye da marayu da tsofaffi a duba bangonsu tun da bazara. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ya kamata a riƙa bayyana shi da Hausa a dandali da makarantu. Tsofaffin magina da suka san haɗin laso da makuba kuma a zauna da su a rubuta iliminsu tun suna raye.

Hadarin da ya taso daga Darfur ba ya neman izinin kowa kafin ya wuce ta kan Dala, kuma ba mu da iko a kan abin da zai zama idan ya isa teku. Ikonmu yana kan 'yan kilomitocin da ke cikin ganuwa, daga bakin indararo zuwa bakin Jakara. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu sharrin ruwa da iska, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.